Ina da Sikila, Kuma Na Gaji da Cewa "Da Sauƙi"

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, a Kano nake, kuma da sikila aka haife ni. Mu biyu ne masu ita a gidanmu, ni da yayana, shi ya rasu shekara uku da suka wuce yana da shekara 28. Tun rasuwarsa ban koma daidai ba. Da na ji ɗan ciwo a ƙafa ko a baya sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, lokacina ya yi. Ba na samun barci sai an kusa kiran assalatu. Na gama digiri, na fara koyarwa a wata makarantar kuɗi, suka sallame ni saboda yawan fashi. Wanda muka daɗe tare da shi, har an kawo kuɗin gaisuwa, danginsa suka ce ba za su bari ɗansu ya auri asibiti ba, ya janye. Yanzu akwai wani da yake zuwa wurina, ban gaya masa komai ba.

A gida kullum "da sauƙi" nake cewa, saboda Umma tana da hawan jini, kuma na taɓa jin Baba yana lissafin abin da ya kashe a kwanciyata ta ƙarshe. Wani lokaci ciwo yana cina ina cizon filo don kada a ji. Ran da aka kai ni asibiti cikin dare, wata nas ta ce ai ta san irinmu, allura kawai muke nema. Azumi ma ba na iyawa, sai in ɓuya a ɗaki in sha ruwa kamar ɓarauniya. Anti, akwai daren da nake roƙon Allah kada in farka. Da safe kuma in yi ta istigfari, ina jin na zama marar tawakkali. Kowa cewa yake in yi haƙuri. Imanina ne ya yi rauni? Kuma in gaya wa wannan bawan Allah, ko in yi shiru?

Wata 'yarki daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan yayanki, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, ke kuma ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Tambaya biyu kika yi mini, amma zan fara da abin da ba ki tambaya ba, wato daren nan da kike roƙon kada ki farka. Kin cusa maganar a tsakiyar wasiƙa kin wuce da sauri, ni kuwa a nan na tsaya. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: abin ya tsaya a fatar baki ne, ko ya fara kai ki ga tunanin yadda za ki yi? In har kin taɓa duban ledar magungunanki da wata manufa daban, to yau ɗin nan ki miƙa ledar ga wani babba da kika yarda da shi, ya riƙa ba ki na kowace rana, ki gaya masa dalili ba ɓoye-ɓoye, a kuma kai ki asibiti. In bai kai nan ba, alhamdu lillahi, amma duk da haka magana ce da ya kamata likita ya ji ta daga bakinki.

Abin da kika lissafa, rashin barci, faɗuwar gaba, jin kin zama kaya a wuyan mutane, gajiya da rayuwar kanta, idan ya haura mako biyu yana bin mutum kusan kullum, likitoci suna ɗaukarsa a matsayin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ke kuwa shekaru kike faɗa, ba makonni ba. Masu fama da cuta mai daɗewa, ko suga, ko ƙoda, ko sikila, sun fi sauran jama'a kamuwa da shi. Abin da ya sa yake ɓuya a jikin mai sikila shi ne alamominsa suna kama da na ƙarancin jini. Kin ce kin gaji, sai likita ya ja fatar idonki ya duba, ya rubuta gwajin jini, ya ƙara miki folik asid, ya kira na bayanki a layi. Ba laifinsa ba ne kacokan, mutum nawa ne ke jiransa a benci. Saboda haka ke za ki buɗe maganar. Ran asibitinki na gaba, kafin ya ɗauki biro, ki ce masa: "Likita, yau ba ƙashi ne ya kawo ni ba. Ba na barci, kuma ina yawan fatan mutuwa." Iyakar abin da za ki faɗa ke nan, sauran aikinsa ne. Zai iya tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Na san da an ambaci Dawanau sai Bakano ya zabura, don tun muna yara da sunan ake tsokana. Amma yawancin masu zuwa irin waɗannan wurare da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su hau adaidaita su koma gida ko wurin aiki. Wani hira da masani kawai yake buƙata, wani sai an haɗa masa da ƙwaya. Ƙwayar ba ta aiki a kwana biyu, takan ɗauki makonni kafin a ji bambanci, kuma ba a yanke ta kai tsaye sai da sanin likita. Na faɗa miki ne tun yanzu don kada ki sha ta kwana huɗu ki ce ba ta da amfani.

Kada kuma ki ɗauka zuciya daban, ƙashi daban. Tashin hankali da rashin barci suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, tare da sanyin hunturu, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓin cizon sauro. Ciwo ya tashi, tsoro ya ƙaru. Tsoro ya ƙaru, barci ya gudu, jiki ya sake rauni. Wanda ya yi maganin ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi.

Sai maganar imani. A'a 'yata, imaninki bai yi rauni ba. Mai raunin imani ba ya tashi da safe yana istigfari a kan abin da ya faɗa cikin zafin ciwo. Matsalar tana ga yadda muka mayar da haƙuri ya zama rufe baki. Annabi Ayuba, wanda da shi ake buga misalin haƙuri, ya buɗe baki ya ce wa Ubangijinsa cuta ta shafe shi, yana nan a Suratul Anbiya. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, kuma amsar da ta samu ita ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ta ci ta sha. Ba a ce mata ta yi saɓo ba. Hadisin nan da ake yawan karanta wa marasa lafiya, cewa babu abin da zai sami musulmi face an kankare masa zunubi da shi har ƙayar da ta soke shi, ki koma ki duba jerin abubuwan da aka ambata a ciki. Bayan gajiya da ciwo, akwai damuwa da baƙin ciki. Masu zuwa dubiya sukan tsallake wannan ɓangaren. Gaskiya ne an hana mu fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same mu, amma a wuri guda aka ba mu abin da za mu faɗa a madadinsa: Allah ya raya mu matuƙar rayuwa ce ta fi alheri gare mu, ya ɗauke mu idan mutuwa ce ta fi. Ba don an san dare irin naki yana zuwa wa bayin Allah na ƙwarai ba, da ba a koyar da wannan addu'a ba. Ki riƙe ta, ki kuma je wurin likita. Ba sa karo da juna.

Azumi kuwa, wanda ya wajabta shi shi ne ya ɗauke wa marar lafiya, a cikin ayoyin azumin kansu na Suratul Baƙara. Ƙishirwa tana iya kwantar da mai sikila a gadon asibiti, ke ma kin sani. Ki tambayi likitanki, ki tambayi malami mai fahimta game da ramuwa ko ciyarwa, sannan ki sha ruwanki da bisimilla a tsakar gidanku.

Yanzu bari mu zo kan Umma, don a ganina nan ne babban nauyin yake. Kina cizon filo don kada ta ji. 'Yata, matar da ta yi jinyar masu sikila biyu tun suna zanin goyo, ta kwana a kan tabarma a ƙarƙashin gadon asibiti ba adadi, ta san launin idonki idan jini ya sauka, ta san irin tafiyar da kike yi idan ƙugu ya fara, ita ce za ki ɓoye wa ciwo da "da sauƙi"? Labarin zuciya a tambayi fuska. Ina kyautata zaton ta sani sarai, tana kwance a nata ɗakin idonta biyu tana sauraren motsinki, tana tsoron shigowa don kada ki gane ta gane. Da safe ki ce da sauƙi, ta ce alhamdu lillahi, kowa ya juya ya share hawayensa. Kina kare ta, tana kare ki, kuma kowaccenku ta kwana ita kaɗai. Hawan jinin da kike ji mata tsoro, zaman zullumi da hasashe ya fi tayar da shi a kan gaskiyar da aka faɗa cikin natsuwa.

Akwai kuma abin da iyaye irin naku suke ɗauke da shi wanda ba sa furtawa. Ba a haifar mai SS, wato mai ciwon sikila, sai uwa da uba kowanne ya ba da nasa rabin. A lokacin da suka yi aure ba kowa ya san da gwajin jini ba, amma wannan bai hana uwa ta riƙa jin ita ta jawo ba, balle in dangin miji sun taɓa jefa mata magana cewa daga wajensu ne, alhali rabon kowa daidai yake. Ta binne ɗa guda. Ki yi tunanin abin da take ji duk ran da kika yi tari.

Ba cewa nake ki zazzage mata komai a zama ɗaya ba. Ki zaɓi ranar da jikinki yake lafiya, kuna zaune kuna tsince shinkafa ko gyaran zogale, hannu yana aiki ido ba ya kallon ido, ki ce: "Umma, ina kewar Yaya." Ki tsaya nan. Ina zaton tun bayan sadakar arba'in ba a sake zama an yi hirarsa a gidanku ba, kowa yana tsoron tayar wa ɗan'uwansa da mikin. Idan ta yi kuka ki bar ta ta yi, ke ma ki yi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Daga baya sai ku yi yarjejeniya mai sauƙi: idan ta tambaye ki jiki, za ki ba ta lamba daga ɗaya zuwa goma, yadda ake yi a asibiti. Uku na nufin a bar ki ki huta, a kawo ruwan ɗumi. Bakwai na nufin a nemo mota. Wannan zai sauke mata wahalar karantar fuskarki, ke kuma ya sauke miki wahalar yin murmushin dole. Ya kuma fi aminci, domin ciwon da aka ɓoye har ya kai ga ƙirji, da zazzaɓi da numfashi sama-sama, shi ne mai haɗari, kuma shi ne mai cin kuɗin da kike tausaya wa Baba.

Shi Baba, lissafin da kika ji yana yi, magidanci ne yake neman inda zai ciro. Ban ji ya ce ya gaji da ke ba, ke kika ƙarasa masa maganar a zuciyarki. Ciwon damuwa ya iya wannan ƙwarai: ya ɗauki rabin jimla ya cika ta da mafi munin abin da za a iya faɗa.

Abin da nas ɗin nan ta faɗa miki bai dace ba, kuma ba ke kaɗai aka taɓa yi wa ba. Masu sikila har a Amurka da Ingila suna kuka da wannan zargi, saboda ciwonsu ba ya fitowa a fata, ba jini ba karaya, sai dai a yarda da bakin mai shi. Abin da zai taimake ki shi ne ki roƙi likitan jininki ya rubuta miki takarda mai hatimi: ga cutarki, ga matsayin jininki idan kina lafiya, ga maganin da ke yi miki aiki idan ciwo ya tashi da adadinsa. Ki ajiye ta a jaka, ki ɗauki hotonta a waya. Ƙarfe biyun dare ba lokacin gardama da kowa ba ne, takarda ta yi magana. Amma zan gaya miki ɗaya gefen, don ba zan yi miki daɗin baki ba. Wulaƙanci irin wannan shi ke kora yaranmu zuwa kemis su sayi allurar Penta, mai ƙarfin kashe ciwo, su riƙa yi wa kansu a ɗaki, da farko don ciwo, daga baya don barci, daga baya don a manta. Ƙarshenta jiki ya saba, cinya da damtse su ƙandare, gyambo ya fito ya ƙi warkewa. Mai rashin barci da baƙin ciki irin naki ita ce ta fi kusa da wannan rami. Idan kin riga kin fara, ki gaya wa likita, ba abin kunya ba ne, akwai hanyar janyewa a hankali. Haka ma yawan shan diklofenak, maganin kashe ciwo, ba bisa ƙa'ida ba yana lahanta ƙoda da ciki.

Na lura da lissafin da kike yi ko da ba ki rubuta shi ba: shi 28, ke 26. Ki ajiye wannan lissafi. Sikila ba ta tafiya iri ɗaya ko a tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Wani kullum yana gado, wani sai ya shekara bai kwanta ba. A Legas an yi Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda, mai SS, wadda ta haihu ta ga jikoki, ta rasu a 2020 tana da shekara 94. Ban kawo ta don in yi miki alƙawarin shekarunta ba, rai na Allah ne, sai don ki san maganar da ake yi a unguwa cewa ba sa wuce kaza ba ta da tushe. Kuma ba ki ambaci maganin nan hydroxyurea ba. Idan ba kya shan sa, ki tambaya ko ya dace da ke. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1995, ya nuna yana rage yawan tashin ciwo da kusan rabi ga manya, kuma a nan Kano ma an yi bincike a kansa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, kuma dole a tattauna da likita kafin ɗaukar ciki. Tsoro yakan ragu idan mutum ya san akwai abin da yake yi da hannunsa.

Ki nemi masu irin ciwonki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji rabin sikilar amma ba shi da ciwon. Ran asibiti ki dubi wadda ke kusa da ke a benci ki yi mata magana, ki tambayi nas-nas ko akwai ƙungiyar masu sikila da ke haɗuwa, galibi ma sukan yi taro ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya. Akwai hirar da ba za ki iya yi da mai AA ba, wato wanda bai gaji sikila ko kaɗan ba, komai ƙaunar da yake miki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ki yi hattara da zaurukan WhatsApp da suka koma wurin sanar da rasuwa da tallan maganin gargajiya mai "mayar da SS ya koma AA". Babu jiƙon da ke yin haka. In kin ga zaure yana ƙara miki faɗuwar gaba, ki fita ba sallama.

Aiki kuma, ki nemi wanda zai jure fashinki: darasin gida ga yara biyu ko uku, ko wata sana'a da kike iya ɗagawa zuwa jibi idan jiki ya ƙi. Ko kuɗin kati da folik asid kika fitar daga jakarki, za ki ji bambanci a ranki.

To, bawan Allah mai zuwa zance. Ki gaya masa, kuma da wuri, kafin manya su shiga. Tun 2024 doka ce a Jihar Kano a yi gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na nau'in jini, saboda haka ko kin yi shiru takardar asibiti za ta faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ya ji daga bakinki yana da sararin tunani, da ya ji a gaban waliyyai ya ce an rufe shi. Kuma kada ki faɗa kamar mai amsa laifi, kanki a sunkuye. Ki faɗa masa yadda abin yake: ina da sikila, ga yadda take yi mini, ga yawan kwanciyata a shekara, ga abin da nake sha, kai mene ne naka? Idan AA ne, duk 'ya'yanku AS za su zama, ba mai ciwon a cikinsu. Idan AS ne, kowane ciki rabi da rabi ne, ko SS ko AS, kuma ni dai ba zan ba ki shawarar ki shiga ba, ke kin fi ni sanin abin da ake gudu. Idan AA ne kuma yana so, ki tafi da shi wurin likitanki ya yi duk tambayar da ke ransa, har da ta haihuwa, domin cikin mai sikila yana buƙatar awo a babban asibiti tun farkonsa, ya kamata ya san wannan da kuɗin da ke tattare da shi.

Zai iya janyewa, kuma zai yi miki zafi, ba zan ce ba zai yi ba. Shi ya sa nake so ki fara da likita da Umma tukuna, ki bar maganarsa zuwa bayan nan da 'yan makonni, don kada amsarsa ta same ki ke kaɗai a ɗaki. In kuma ya ce ya ji ya gani, kada ki tsaya a bakinsa. Na farkon ma ai yana sonki, danginsa ne suka rinjaye shi. Ki ce masa ya je ya gaya wa mahaifiyarsa da kansa, da sunan cutar ba wai "ba ta cika lafiya ba", ya dawo miki da abin da ta ce kafin a kawo ko da goro ɗaya gidanku.